Mai Lanƙwasasshen Wuya

A Vardø, inda ƙasa ta ƙare teku ya karɓa,
Oddvar ya shiga kantin Solfrid da ƙanƙara a gemu,
jikarsa Eldrid tana riƙe da gefen rigarsa.
Ya buga takalmi sau biyu a bakin ƙofa,
ya ce, "Madubin hangen nesa nake so. Babban cikinsu."

Shekara arba'in yana bin makwarwar tsauni,
bindiga a kafaɗa, kare a gaba.
Bara ya rataye ta, hannu ya soma rawa,
ido ne kawai bai yarda an tsufa ba.

Solfrid ta sauko da miƙaƙƙe mai faɗin baki,
ta girka shi kan ƙafa uku, tukunya bisa murhu.
"Wannan yana shan haske ko rana ta yi rowa,
yana jawo nesa har ninki sittin.
Ɗaga ka ji."
Ya ɗaga. Kafaɗa ta riga baki amsawa.

"Mutum uku na sayar wa irinsa," in ji ta,
"biyu ta taga suke kallon rufin maƙwabta.
Wanda ka iya saɓawa ka hau tudu da shi,
shi ne naka, sauran kayan ɗaki ne.
Kuma a iskarmu, in ka murɗa shi ya kai sittin,
duniya ce za ta yi ta makyarkyata a idonka."

Ya nuna wani mai sauƙin kuɗi a lungu.
Ta ce, "Leƙa tutar can ta bakin tasha."
Ya leƙa, ga shuni-shuni ya zagaye farin ƙyalle
kamar wanki ya yi zuba.
Araha ba ta ado. Ya mayar bai ce uffan ba.

"Da rana tsaka kowane gilashi sarki ne,
ku jira almuru, shi ke tona asiri."
Suka jira. Ta dafa gahawa, ya sha biyu.

Da haske ya soma janye jiki
ta fito da ƙarami, wuyansa a lanƙwashe.
Oddvar ya girgiza kai:
"Miƙaƙƙe yana bin ido kamar bakin bindiga,
inda na duba, nan ya duba.
Ban taɓa sunkuya wa abin da nake nema ba."

Bai rufe baki ba ya ji ƙaramin nishi.
Eldrid ce gaban miƙaƙƙen, ta yi ɗage,
tana kan yatsun ƙafa, haɓa a sama,
saura taƙi guda, ta kasa.

Solfrid ba ta ce komai ba.
Ta rage tsawon ƙafafun, ta ɗora lanƙwasasshen.
Yarinya ta miƙe, tsoho ya sunkuya,
ido biyu masu tazarar shekara sittin da uku
suka haɗu a ƙofa ɗaya.

Ya ƙirga kuɗin a hankali, har da tsaki,
ya tambaya ko ruwa na shiga, ta ce ko raɓa.

Watan Maris, bakin gaɓa, sanyi na cizon kunne.
Yatsan da ya san kunamar bindiga
yana murza ƙaramin zobe, kaɗan, kaɗan,
har dishi-dishi ya zama agwagwar teku
tana lilo kan ruwa baƙi ƙirin.
Ya riƙe numfashi yadda ya saba,
sai ya matsa gefe.

"Kaka! Goshinta kamar an manna ɓaren lemo!
Ƙeyarta toka-toka, tana duban nan!"
Ya bar ta ta ƙoshi. Da layi ya zo kansa,
ruwa kawai ya tarar, da zobe yana faɗaɗa.

"Ta tashi?"
"Ta nutse. Za ta fito."
"A ina?"
"Oho. Kai ne mafarauci."

Ya yi dariyar da ta zama tari,
ya gyara hula, ya sāke sunkuyawa.
Ita tana ƙirge, goma sha tara, ashirin,
shi yana gadin wurin da babu komai.